Zangarnu Masu Ɗaurin Tsumma

Hantsi ya ɗaga, ranar kaka ta fara cizo, sama kuwa fes, sai wani ɗan gajimare can wajen Maijirgi wanda ko yaro ya san ba ruwa gare shi. Ina tsugune gindin ma'aunin ruwan sama da ke bakin gonarmu. Kwana goma sha tara ke nan rabon kwalbar da ɗigo, duk da haka na buɗe kaye, littafin da nake rubuta awo, na rubuta sifiri, don haka Malama Zubaida ta koya mini.

"Abdulmumin, ranar da ba a yi ruwa ba ma rana ce. Ka rubuta sifiri. Kada ka bar wurin haka nan, kada kuma ka taɓa rubuta abin da idonka bai gani ba."

'Yan uwa masu karatu, ku yi haƙuri da ni, ni mutum ne mai tafiya a hankali, a magana ma haka. Bari in gaya muku wace ce ita.

Shekara uku da suka wuce wata farar mota ta jami'a ta tsaya ƙofar gidan Baffa Harisu, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni da Innata tun rasuwar Baba. Mutanen cikinta suka ce suna son aron gona su gwada irin hatsi goma sha biyu, su ga wanne ne murzuna ba ta cika ci ba, tsutsar nan mai bin zangarniya tana sassaƙe ta. Hatsin namu ne, su awo kawai za su yi, in sun gama mu kai rumbu. Baffa ya yarda. Aka ce ana son mai tsaro wanda ya ɗan iya lamba, aka nuna ni, don na zauna lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu kafin in fita.

Ita ce ta ƙarshen fitowa daga motar, da malafa a kan ɗankwali da takalmin roba har gwiwa. Yara suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Ta tsuguna ta ɗebi ƙasar gonarmu ta sunsuna kamar turare, ta ɗago ta ce, "Kai ne abokin aikina?" Ba ta ce mai gadi ba. Tun ranar nan, wallahi, ban sake zama daidai ba.

Shekarar fari komai a wadace. Mota duk sati biyu, alluna masu lamba, 'yan tambarin roba da ake ɗaura wa zangarniya, ɗalibai shida da sikeli. Shekara ta biyu mota ta zo sau uku, ɗalibai biyu. Bana kuwa, tun kafin shuka ta kira ni.

"Abdul, gwamnati ba ta saki kuɗin bincike ba. An ce watan gobe."

Watan gobe ya zo aka ce wani watan. Motar tana can a ajiye ba isansi, wato man fetur, malaminta kullum yana biro-biro, daga wannan ofis zuwa wancan, da takarda a hannu. Ta ce mini wasu abokan karatunta sun watsar da nasu aikin sun kama koyarwa. Ita kuwa in bana ta faɗi, shekara biyun baya ma sun faɗi, don aikin sai da damina uku a jere yake zama hujja. Ba ta da abin da za ta tsaya da shi gaban malamanta.

Sau ɗaya tak ta zo bana, lokacin da hatsi ya fara fitar da kai. Motar kasuwa ta hau zuwa Tasawa da kuɗin aljihunta, daga nan kabu-kabu. Ta iso ƙura har gira, doguwar rigarta ruwan toka, da mayafi ruwan shuni mai ɗigon fari. Ba tambarin roba ko guda. Kuma dole a zaɓi zangarniya goma a kowane fegi cikin goma sha biyun a yi musu alama tun suna ƙanana, don su kaɗai za a kai labo, ɗakin gwaji, a ƙirga ɓarnar tsutsa. Ta zauna a kan kunya ta yi tagumi.

Na ce, "Malama, tsumma zai yi?"

Na ruga gida. Inna ta buɗe tsohuwar adakarta tana mita. "Zanen goyonka ma sai ka kai wa jami'a, Mumuni? To ɗauki." Na biya wajen Naziru tela ya ba ni guntaye. Kowane fegi da kalar tsummansa: na ɗaya zanen goyona, na biyu shuɗin yadi, haka har goma sha ɗaya, kala ta ƙare. Muka tsaya a fegi na goma sha biyu muna kallon juna. Sai ta kama bakin mayafinta ta sa haƙori, ƙiii, ta yage. Ta yanka goma, ɗan tsiri ɗaya ya yi saura, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Riƙe, ko wani zai kwance."

Ba wanda ya kwance. Tsirin yana aljihun gaban rigata tun ranar. In zan wanke rigar sai in fitar da shi in sa ƙarƙashin filo. Na gaya muku, Inna ma ba ta sani ba.

To, ranar nan da na rubuta sifiri, ina rufe kaye ke nan waya ta yi ƙara. A gonar nan rezo, wato sabis ɗin waya, sai a kan tudun tururuwa, na hau. Bokal ne, saƙon murya daga Malama, minti ɗaya da 'yan kai.

"Abdul, ina kwana, ya su Inna? Ka ga, ba zan samu zuwa girbi ba. Kuran ya yi ta ɗaukewa, ba wutar lantarki, firijon da muke ajiye iri ya lalace, ina nan ina ceton abin da ya rage. Amma wani abokin karatuna, Lamine, zai zo ran Alhamis da moto ya ɗauko zangarnun. Don Allah kada a taɓa gonar sai ka yanke masu tsumma, kowace kala a ledarta. Ɗari da ashirin, ka ji? Kai kaɗai nake da shi a can."

Kusa da ƙarshe wata muryar namiji ta ce daga nesa, "Zuby, shayinki na hucewa." Ta yi 'yar dariya, saƙon ya yanke.

Na saurara sau bakwai. Shida don "kai kaɗai nake da shi". Na bakwai don in ji muryar nan da kyau. Ni shekara uku ban taɓa iya kiran sunanta ba sai da Malama a gaba.

Ranar Litinin ce. Na yi niyyar yankan masu tsumma ran Talata da sassafe, sai ƙafar Inna ta kumbura, na ɗora ta a amalanke zuwa likita a Mayahi. Layi ya yi tsawo, ba mu dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga nesa na ji kiɗan gayya. Na ce a raina ko gonar wa. Da muka zagayo kukar bakin gari sai na ga ƙura tana tashi daga tamu.

Ban san lokacin da na diro daga amalanke ba.

Gonar ta zama fili. Karare a kwance, allunan bara an tuge an jingine gefe da kyau don kada su karye. Samari sun fi talatin, ana ta wasa da dariya, mata na kwashe ƙoren fura. Dammuna kuwa ga su nan a jere, arba'in da ɗaya, an ɗaure su tamau da kaba. Dogon iri da gajere, mai gashi da maras gashi, na fegi ɗaya da na goma sha biyu, duk an gwamutsa yadda muke yi tun kakanni, manyan zangarnu a waje don dami ya yi kyau.

Yahaya, ɗan Baffa, ya taho yana share gumi yana washe baki. "Ango na jami'a! Ka ga mun hutar da kai. Yanzu ba ka da hujja, ran Asabar sai arewa."

Na wuce shi. Baffa na zaune ƙarƙashin gawo a kan buzunsa.

"Baffa, gonar Malama..."

"Gonar wa?"

Bai jira in amsa ba.

"Gonar ubanka ce, Mumuni. An ce nan da kwana kaɗan za a saki dabbobi cikin gonaki. Tsuntsu na ci, gara na ci. Su mutanen naka ina suke? Bana ka ga motarsu? Abin da gwamnati ta manta da shi, kai ne za ka tuna mata?"

"Ta ce ran Alhamis za a aiko."

"Tun watan shuka ake cewa za a aiko." Ya sassauta murya. "Don kai na kira gayyar nan. Yahaya ya samo maka wuri a motar masu zuwa haƙar zinari. Sa'o'inka duk sun yi aure, kai kana nan kana gadin kwalba. Yarinyar nan mutuniyar kirki ce, ban ce ba. Amma ka dubi takalminta ka dubi naka."

Na dubi nawa. Silifas ne, ɗaya an ɗinke da waya.

Abin da ya fi ci mini rai, ba mugunta suka yi ba. Kowa ya bar aikinsa ya zo ya taimake mu. Har sai da na bi su ɗaya-ɗaya ina sannu da aiki.

Bayan sun watse na koma gaban Baffa na durƙusa.

"Ka ba ni izini in kwance dammunan."

"Ka kwance me?"

"Masu tsumma kawai zan cire. In mayar in ɗaure da hannuna."

"A'uzubillahi. Damin da jama'a suka ɗaure? Gobe a ce aikinsu bai gamshe mu ba? Wa zai sake amsa gayyarmu?"

"Zan ce kuskurena ne, ban faɗa da wuri ba. Kuma gaskiya ce, Baffa."

Ya daɗe yana jan carbi. "Ran Juma'a da safe nake sa hatsi a rumbu, in rufe. In na rufe kuwa ka san ba a buɗewa sai bazara. Abin da ka ga dama ka yi kafin nan. Amma kada ka kira kowa, kunyar ta ishe ni haka."

Na hau tudun tururuwa na danna wayar zan yi mata bokal. Na ce "Malama", sai na goge. Na sake, na goge. Me zan ce wa mai ceton iri a firijon da ya mutu? Daga ƙarshe na rubuta: "Lafiya lau. Ina aiki." Alama ɗaya ta fito, saƙon bai ma shiga ba.

Laraba tun da aka sallame asuba ina gona. Wanda bai taɓa kwance dami ba bai san abin ba. Zangarniya ɗaruruwa a ciki, kai da ƙafa, sai ka baje su a kan tabarma, ka bi ɗaya-ɗaya, sannan ka sake jerawa ka sa gwiwa ka ja kaba. Tsummokaran kuma rana da ruwa sun cinye kalarsu, shuɗi ya koma toka, ja ya koma ƙasa-ƙasa. Sai na kwance bakin ƙullin kaɗan in leƙa ciki inda rana ba ta taɓa ba. Na jera leda goma sha biyu a inuwar gawo, kowace da dutse a kai.

Masu wucewa kan jaki suna rage tafiya. Wani ya ce, "Mumuni, allura ta ɓace maka?" Wani ya ce, "A'a, sadaki yake nema." Na yi musu dariya, don ba su da laifi. Da azahar Inna ta aiko da fura, ban iya sha ba sai rabi. Ƙaiƙayi ya shiga wuyana da idanuna, kaba ta tsaga mini yatsu huɗu. Ba mai magana sai kurciya. Wani lokaci in na sami mai zanen goyona sai in ji kamar in ce mata sannu da zuwa.

Kafin magariba na kwance ashirin da shida, na sami saba'in da tara.

Alhamis na ƙarasa sauran goma sha biyar wajen azahar. Na zauna na ƙirga leda-leda. Goma. Goma. Goma. Har ta goma sha ɗaya, cif. Ta goma sha biyu, mai ruwan shuni, bakwai.

Na sake ƙirgawa. Na bi gonar kunya-kunya ina ɗaga kara. Na leƙa har ramin kurege. Bakwai dai.

Hannuna ya kai aljihu da kansa. Tsirin nan in an raba shi uku zai isa. Irin fegi na goma sha biyu kuwa na san shi ko a cikin duhu, gajere ne mai kauri, ga su nan birjik a dami. Minti biyu ya ishe ni. Ba wanda zai sani har abada.

Ina nan zaune da tsirin a hannu na ji ƙugin moto, wato babur.

Mai moton dogo ne, fari, da tabarau da jakar goyo, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya faɗi sau biyu a yashin hanyar garin Sarkin Hausa, gwiwar wandonsa ta yage. Na so in ƙi shi, Allah ya sani, amma ya miƙo mini hannu biyu.

"Kai ne Abdulmumin? Ni ne Lamine. Kullum sunanka a bakinta. Ta ce kayenka ya fi na ɗalibanmu tsabta."

Muryar ce. Mai shayi.

Na ba shi ruwa, na gaya mishi komai, tun daga gayya har bakwai. Ya cire tabarau ya dafe goshi.

"Kai! Uku? Ka san malaminta, in fegi ɗaya bai cika ba sai ya ce a cire shi. Kuma wannan irin ne take sa rai a kai." Ya dubi dammunan, ya dube ni, ya rage murya. "Ka gane irin, ko? Ɗauko uku mu cika. Ba sata ba ce, daga gonar nan suka fito. Ni ma nawa aikin ya tsaya tun bara, isansin zuwa nan ma sai da na sayar da tsohuwar wayata. Kada nata ya mutu a kan zangarniya uku."

Ba mugu ba ne. Gajiya ce a idonsa, irin wadda nake ji a muryarta.

Na ce, "Malam, in na ɗauko da hannuna, masu kyau zan ɗauko, ko ban yi niyya ba. Sai takarda ta ce irin ya fi yadda yake. Wata rana a kawo ma su Baffa shi a ce tsutsa ba ta ci."

"To ya za a yi?"

"A rubuta bakwai. Ita ta ce kada in rubuta abin da ban gani ba."

Ya yi wata 'yar dariya maras daɗi. "Halinku ɗaya. Haka take yi mini a gida ma, wato..." Ya sosa ƙeya. "Ba ta gaya maka ba? An sa rana. Da ta kare aikinta gaban malamai za a ɗaura. Shi ya sa ni ma na matsu. Za mu aiko maka da kati, dole ka zo."

Na ce, "Allah ya sa alheri." Kuma da gaske na faɗa. Sai dai na ji muryata kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Muna cikin sa ledoji a buhu sai ga Baffa a kan jakinsa. Bai yi wa baƙo doguwar gaisuwa ba. Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro wani abu ya jefa kan tabarma.

"Zakkar fari da na ɗebar wa liman ran gayya. Na je na duba, na ga wanga tarkace a ciki. Na musanya mishi da wasu."

Zangarniya uku, gajeru masu kauri, kowace da ɗaurin ruwan shuni. Ɗaya tsutsa ta ci rabinta.

Baffa, wanda ya ce kunya ta ishe shi, shi ne ya je ƙofar liman ya ce a fito mishi da abin da ya riga ya bayar. Na buɗe baki, ya riga ni.

"Damin can na ƙarshe ɗaurinsa ya yi sako-sako. Ka gyara kafin gobe." Ya zunguri jaki ya wuce.

Lamine ya yi ta hamdala, ya ciro waya yana neman rezo yana juyi a gona. Na nuna mishi tudun tururuwa. Ya hau, na ji yana cewa, "Zuby! Sun cika, ɗari da ashirin! Wallahi sai na zo, labari ne dogo." Na jira ko zai miƙo mini wayar. Ya ce rezo ya yanke.

Ya sauko da sauri, yana son ya kai kwalta kafin rana ta faɗi. Ya ɗaga ledar goma sha biyu zai jefa a buhu, sai bakinta ya buɗe, zangarnu suka fara zamewa.

"Kai, wannan in ta zube cikin sauran a hanya fa? Ba ka da ɗan abin ɗauri?"

Kaba na nan gefe, amma kaba tana yanka leda. Na sa hannu a aljihun gaba. Tsirin ya yi laushi, wata biyu yana shan zufata, kalarsa kuwa ba ta kushe ba ko kaɗan, don rana ba ta taɓa ganinsa ba. Na tattara bakin ledar na zagaya sau biyu, na yi ƙulli irin wanda ba ya kwancewa sai an so.

Lamine bai ma duba ba, yana ta fama da tada moto. Na ɗora buhun a baya na ɗaure, na tura shi har ya fita daga yashi. Ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya waiwayo ba.

Na tsaya har ƙurarsa ta kwanta. Waya ta motsa a aljihu, na yi saurin cirowa. Yahaya ne: "Direba na tambaya, a riƙe maka wurin ran Asabar ko a ba wani?"

Na mayar da wayar aljihu. Na koma wajen damin da Baffa ya ce, na sa gwiwa, na ja kabar.